Kafin ƙungiyarku ta sayi kan tirela, ku leƙa inda direba zai kwana

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin manoma da dillalan kayan gwari suna haɗa kuɗi su sayi babbar mota tasu, don su huta da tsadar haya lokacin kakar tumatir da albasa. Shawara ce mai kyau. Amma na lura in an je sayen mota, injin ake dubawa, da tayoyi, da giya, sai kuma tan nawa za ta ɗauka. Ɗakin direba kuwa ba mai ko buɗe ƙofarsa. Alhali wannan mutumin shi zai ɗauki tumatirinku daga Kwanar Gafan ya kai kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000, ta Mokwa da Jebba da Ilori ko ta Lokoja. In ya isa ma zai jira a sauke, ya jira lodin dawowa. Sati guda cur yana iya yi bai ga gidansa ba, motar ce ɗakinsa.

Me ya shafi manomi? Direban da bai yi barci ba, ɗayan biyu ne: ko ya yi ta tsayawa a hanya kaya su ruɓe, ko ya sha abin hana barci ya taka, gyangyaɗi ya sace shi a kwana. Na ga wata ƙungiya da ta yi asarar lodin albasa gaba ɗaya a irin wannan, kuma da aka bincika, kwana biyu direban yana barci a kan tabarma ƙarƙashin mota saboda zafin cikin.

Kan mota iri uku ne a taƙaice. Akwai gajere marar gado, na aikin kusa, kamar daga gona zuwa Dawanau. Akwai mai gado ɗaya bayan kujeru. Sai mai dogon rufi da gado biyu, sama da ƙasa. A DAF, masu dogon rufin su ne Space Cab da Super Space Cab. A Howo ta China, HW76 gado ɗaya ne, HW79 kuma mai dogon rufi ne da gado biyu. In tafiyar kudu za a riƙa yi, ni dai mai gado biyu nake ba da shawara, don direbanmu ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai yaron mota, wani lokacin har da wakilin masu kaya.

Sai dai dogon rufi na da nasa. Tsayin motar kan kai kusan mita 4, kuma hanyoyin ƙauye cike suke da rassan bishiya da wayoyin lantarki da suka sauko. In motarku za ta riƙa shiga har bakin fadama, ku auna wannan tukuna.

Gadon kansa, kar a tsaya kallo daga ƙasa. A sa direban ya hau ya miƙe. Yawancinsu tsawon kusan mita 2 ne, faɗi kuma santimita 70 zuwa 80, amma a wasu motocin gadon yakan tsuke ta bayan kujeru. Katifar da ta zo da tsohuwar mota ta riga ta mutu, a yanko sabon soso mai ƙarfi. A ɗaga gadon a duba ƙarƙashi: tsatsa ko danshi alama ce rufi ko robar gilashi na yoyo, kuma damina za ta tona asiri.

Abin da ya fi gado muhimmanci ma shi ne kujera, tunda a kanta yake wuni. Kujera mai iska tana shanye girgiza, in tana aiki. Ku tada mota, ku bari iska ta cika, direba ya zauna a ga ko tana ɗagawa tana sauka. Da yawa an toshe bututunsu an saka katako. Haka shi ma kan motar yana zaune ne a kan jakunkunan iska ko sifirin, in sun mutu duk ramin da taya ta faɗa a ƙugun direba zai ƙare. Ciwon bayan da ke sa direbobi ajiye aiki da wuri, yawanci daga nan yake farawa.

Yanzu maganar zafi. Motocin da ake kawowa na hannu daga Turai an ƙera su ne don sanyi. Za ka tarar da na'urar ɗumama ɗaki ta dare, wadda ba ta da amfani a nan sai ko a hunturun Jos, amma ba abin sanyaya ɗaki in an kashe injin. Direba kuma in zafi da sauro sun dame shi a Ogere ko Tafa, barin injin zai yi a kunne har asuba, kuma babbar mota a tsaye tana shan lita 2 zuwa 3 na man dizal a awa. Ku lissafa na dare guda, ku ninka da tafiye-tafiyen shekara. Ƙaramar fanka mai aiki da batir, raga a tagogi, labule mai kauri da ƙofar rufi mai buɗewa sun fi wannan araha nesa ba kusa ba. A tabbatar dai batir ɗin na da ƙarfi, kar a wayi gari ana neman mai turi.

Akwai haɗarin da ba a gani. In salansa ta huje, ko robobin ƙasan ɗaki sun yage, hayaƙi na shigowa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Mai barci ba ya farkawa. Saboda haka ne ma ba a kunna gawayi ko risho a ciki da tagogi a rufe, komai sanyi.

Irin waɗannan motoci injinsu a ƙarƙashin ɗaki yake, sai an kifa kan gaba ake gyara. Ku sa a kifa a gabanku, a ga famfon na aiki kuma makullin na kamawa in an mayar. Ku kuma tambaya ko daga Ingila ta fito aka juya mata sitiyari, don juyin da ba a yi da kyau ba yakan bar wayoyi da iskar sanyi a hargitse. Ƙarshe, ku zaɓi irin da makanikin garinku ya sani, wadda za a samu gilashinta da jakar iskarta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba sai an aika Legas ba.

Ranar zuwa ciniki ku tafi da direban da zai riƙe motar, ku ba shi rabin awa shi kaɗai a ciki, ƙofa a rufe, injin a kashe, da tsakar rana.