Ɗamarar Tumbi: Abin da Shekaru Suka Bayyana Game da Wata Tiyatar Rage Ƙiba

Gabatarwa

Hausawa kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan karin magana ta dace ƙwarai da fagen ilmin likitanci, domin sau da yawa ba a sanin ainihin amfanin magani ko aikin tiyata a shekarar farko, sai an bi sawun waɗanda aka yi wa aikin shekara goma ko fiye. Wannan maƙala za ta duba tarihin wata tiyata da ta yi tashe a Turai da Amurka da Ostireliya, watau ɗaura wa tumbi ɗamara don rage ƙiba. Za mu ga yadda aka ƙirƙiro ta, da yadda take aiki, da abin da ya sami mutanen da aka yi wa ita bayan shekaru masu yawa, sannan mu fito da darussan da ɗalibin kimiyya zai amfana da su.

Ƙiba da Yadda Ake Auna ta

A al'adarmu akan ɗauki ƙiba a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali. Amma idan kitse ya wuce kima, yakan buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Likitoci suna amfani da wani awo mai suna BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, bayan an ninka tsawon da kansa. Alal misali, mutum mai nauyin kilo 120 da tsawon mita 1.70, za a raba 120 da 2.89, sai a sami kimanin 41.5. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda awonsa ya kai 25 nauyinsa ya yi yawa, wanda kuma ya kai 30 ya shiga sahun masu cutar ƙiba. Hukumar ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wannan cuta.

Rage abinci da motsa jiki su ne matakin farko. Sai dai idan ƙiba ta tsananta, jiki yakan yi gardama, domin da zarar nauyi ya fara sauka, sinadaran da ke tayar da yunwa sukan ƙaru, jiki kuma ya rage yawan kuzarin da yake ƙonawa. Wannan ne ya sa a shekarar 1991 wani taron masana da Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka shirya ya amince a yi tiyata ga wanda awonsa ya kai 40, ko kuma ya kai 35 idan yana da wata cuta mai alaƙa da ƙiba.

Asalin Ɗamarar da Yadda Take Aiki

A tsakiyar shekarun 1980, wani likitan fiɗa ɗan asalin Yukren mazaunin Amurka, Lubomyr Kuzmak, da wasu likitoci biyu a Suwidin, Dag Hallberg da Peter Forsell, suka ƙera ɗamara irin wadda ake iya tsuke ta ko a sassauta ta bayan an gama tiyata. A shekarar 1993 kuma, a garin Huy na ƙasar Beljiyam, wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, ya sanya samfurin da ake kira Lap-Band ba tare da tsaga ciki ba. Maimakon haka, sai aka huda ƙananan ƙofofi a fatar ciki, aka zura 'yar kyamara da dogayen kayan aiki.

Ita ɗamarar da robar silikon ake yin ta, kuma a cikinta akwai wata 'yar jaka mai kama da balan-balan. Ana zagaya ta a wuyan tumbi, kusa da inda bututun abinci yake haɗuwa da shi, ta yadda wata 'yar aljihu za ta rage a sama, wadda ba ta ɗaukar fiye da loma ɗaya ko biyu. Daga ɗamarar akwai siririn tiyo da ya taho har zuwa wani ɗan mazubi da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki. Idan likita ya soka allura a mazubin ya ɗura ruwan gishiri, sai jakar ta kumbura, hanyar abinci ta ƙara tsukewa. Idan ya zuƙe ruwan, sai hanyar ta buɗe. Matsin da loma take yi yayin wucewa yakan taɓa jijiyoyin bangon tumbi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi.

Abin da ya jawo hankalin jama'a shi ne, ba a yanke komai daga tumbi ko hanji, majiyyaci kan bar asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, haɗarin mutuwa a lokacin aikin kaɗan ne ƙwarai, kuma ana iya cire ɗamarar idan an so. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta ba da izinin amfani da ita a shekarar 2001. Zuwa shekarar 2011, kimanin kashi 35 cikin ɗari na dukkan tiyatar rage ƙiba da aka yi a Amurka, ɗamara ce. Amma zuwa shekarar 2019, adadin ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. To, me ya faru a tsakani?

Sakamakon Burasel da na Melbon

A shekarar 2011, Jacques Himpens da abokan aikinsa a birnin Burasel suka buga sakamakon bin sawun mutanen da aka yi wa ɗamara tsakanin 1994 da 1997. Cikin mutum 151, sun iya samun bayanin 82 bayan aƙalla shekara 12. Sun tarar cewa a kashi 28 cikin ɗari, ɗamarar ta cinye bangon tumbi ta kutsa ciki. Kusan rabinsu an cire musu ɗamarar ɗungum, kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari sai da aka sake yi musu wata tiyata. Duk da haka, a matsakaicin lissafi sun zubar da kimanin kashi 43 cikin ɗari na rarar nauyinsu, kuma shida cikin goma sun ce sun gamsu da aikin.

Bayan shekara biyu, watau a 2013, Paul O'Brien na Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostireliya ya fito da nasa rahoton a kan mutum 3,227, waɗanda 714 daga cikinsu an bi sawunsu shekara goma ko fiye. Ba a rasa rai ko ɗaya ba a sanadin tiyatar. Bayan shekara 15, rarar nauyin da aka zubar ta tsaya a kashi 47 cikin ɗari. Waɗanda ɗamara ta kutsa musu cikin tumbi kashi 3.4 ne kawai, waɗanda aka cire wa ita kuma kashi 5.6. Sai dai ko a can ɗin, kashi 26 cikin ɗari sun buƙaci gyara saboda aljihun sama ya buɗe, kashi 21 kuma saboda matsalar tiyo ko mazubi.

Mai karatu zai tambaya, yaya aka yi aiki iri ɗaya ya ba da sakamako biyu masu nisa haka? Daga cikin dalilan akwai salon aikin kansa, domin mutanen Burasel an yi musu tiyata a farkon zamani, lokacin da ake ɗaura ɗamarar a manne da bangon tumbi, daga baya ne aka sauya hanyar zagayawa, zamewa ta ragu. Haka kuma cibiyar Melbon ta shahara wajen kiran majiyyata a kai a kai don daidaita ruwan ɗamara da koya musu yadda za su ci abinci. Wannan ya nuna cewa rabin nasarar ɗamara a ɗakin duba marasa lafiya take, shekara bayan shekara.

A Kula da Ma'anar Alƙaluma

Ya kamata ɗalibi ya bambance tsakanin rarar nauyi da jimlar nauyi. Mu koma ga mutumin nan mai kilo 120 da tsawon mita 1.70. Da awonsa zai zama 25, da nauyinsa kilo 72 ne, saboda haka rararsa kilo 48 ce. Idan aka ce ya zubar da kashi 47 cikin ɗari na rarar, to kimanin kilo 22 da rabi ya rage, watau kashi 19 cikin ɗari na jimlar nauyinsa. Zai tsaya a wajen kilo 97 da rabi, awonsa kuma ya zama kusan 34. Lafiyarsa ta ƙaru ba shakka, amma har yanzu yana cikin sahun masu ƙiba.

Kwatanta ta da Sauran Ayyuka

Akwai wasu tiyatoci biyu da suka yi gogayya da ɗamara. Ta farko ita ce tiyatar ratse, inda ake ware ƙaramin aljihu daga tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin. Ta biyu ita ce tiyatar hannun riga, inda ake yanke wajen kashi uku cikin huɗu na tumbi a bar shi siriri. Waɗannan biyun suna sauya sinadaran da ke sarrafa yunwa da ƙoshi da sukarin jini, abin da ɗamara ba ta yi sosai.

Babban binciken da aka fara a Suwidin a shekarar 1987 ya bi sawun mutum 2,010 da aka yi wa tiyata iri-iri da wasu 2,037 da ba a yi musu ba. Rahoton 2007 ya nuna cewa bayan shekara goma, masu tiyatar ratse sun rage kashi 25 cikin ɗari na jimlar nauyinsu, masu ɗamara kuwa kashi 14. Binciken ya kuma nuna cewa haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 29 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa tiyata, idan aka haɗa dukkan nau'o'in. A Birtaniya kuma, Jami'ar Biristol ta jagoranci wani gwaji inda aka raba mutum fiye da 1,300 ta hanyar ƙuri'a zuwa tiyatocin uku. Sakamakon da aka buga a 2025 ya nuna cewa bayan shekara uku, waɗanda suka zubar da aƙalla rabin rarar nauyinsu kashi 68 cikin ɗari ne a ɓangaren ratse, kimanin kashi 41 a ɓangaren hannun riga, sai kashi 25 kacal a ɓangaren ɗamara.

Batun kuɗi ma ya shigo ciki. Wani nazari da aka buga a 2017 ya duba mutum 25,042 da shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, ya biya wa kuɗin ɗamara tsakanin 2006 da 2013. Kashi 18.5 cikin ɗari an sake yi musu tiyata, kuma cikin dala miliyan 470 da aka kashe, kashi 47.6 cikin ɗari a kan gyara da cirewa suka tafi.

Ba za a ce ɗamara ba ta amfani kowa ba. A wani gwaji da John Dixon ya buga a 2008 a kan mutum 60 masu sabon kamun ciwon sukari, ciwon ya lafa a kashi 73 cikin ɗari na masu ɗamara bayan shekara biyu, alhali kashi 13 ne kawai a cikin waɗanda suka tsaya ga magani da rage abinci. Kuma akwai dubban mutane da suke ɗauke da ita lami lafiya.

Matsalolin da Ke Biyo Baya

Ɗamara baƙon abu ce a jiki, kuma tumbi ba ya daina motsi. Da tafiya ta yi tafiya, tana iya zamewa ƙasa, aljihun sama ya kumbura, mutum ya riƙa amai da ƙwannafi da tarin dare. Bututun abinci yana iya faɗaɗa saboda yawan tura abinci ta ƙuntatacciyar hanya. Tiyo kan tsinke ko ya yi yoyo, mazubi kan juye ko ƙwayoyin cuta su kama shi. Bugu da ƙari, nama mai tauri da burodi sukan maƙale, alhali abubuwan sha masu zaƙi da abinci mai ruwa-ruwa suna wucewa salin-alin, don haka wasu kan koma gare su, nauyi ya dawo. Duk mai ɗamara da ya ga amai ya ƙi tsayawa, ko ya kasa haɗiye ko da ruwa, ko wurin mazubi ya yi ja yana ciwo, wajibi ne ya garzaya asibiti, domin zamewa mai tsanani tana iya tare jinin da ke ciyar da bangon tumbi. Idan kuwa aka cire ɗamarar ba a yi wani aikin a madadinta ba, yawanci nauyi yakan dawo.

Kammalawa

A yau tiyatar hannun riga da ta ratse su ne suka mamaye fagen, ga kuma sababbin allurai irin su semaglutide, wanda a gwajin da aka buga a 2021 ya rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi a mako 68. Su ma allurai ana ci gaba da bin sawunsu, domin an ga cewa idan aka daina su, galibin nauyin yakan dawo. Mutanenmu da ke fita ƙasashen waje neman lafiya ya kamata, kafin su amince da kowace tiyata irin wannan, su tambayi wanda zai riƙa duba su bayan sun dawo gida, da abin da za a yi idan matsala ta taso bayan shekara biyar.

Ga ɗalibai da malamai kuwa, tarihin ɗamarar tumbi ya bar mana tambayoyi huɗu da za mu riƙa yi wa kowane rahoton kimiyya. Shekara nawa aka bi sawun mutanen? Mutum nawa aka fara da su, nawa kuma aka samu a ƙarshe? Da wane abu aka kwatanta sakamakon? Kuma da wane ma'auni aka auna nasarar? Malamin lissafi ko na ilmin halittu zai iya ba ɗalibansa alƙaluman Burasel da na Melbon, ya nemi su amsa waɗannan tambayoyi da kansu, su kuma faɗi wanne daga cikin rahotannin biyu ya fi kusa da abin da zai sami majiyyacin da ke zaune nesa da asibitin da aka yi masa aiki.