Yadda Ake Gane Funfunar Da Ke Harba Irinta Daga Kashin Dabbobi

Pilobolus wata funfuna ce da ke tsirowa a kan ɗanyen kashin shanu, dawaki da sauran dabbobi masu cin ciyawa. Tsayinta bai cika wuce santimita 1 ba.

Idan aka rufe kashin cikin kwalba mai ɗanshi, takan fito bayan 'yan kwanaki. Da madubin ƙara girma, za a ga siririn kara garau kamar gilashi, kumburarre a sama, da baƙar hula a kansa. Hular nan ita ce jakar iri, wadda funfunar kan harba wajen haske har nisan mita 2, ta manne a ciyawa, dabba ta haɗiye.

Abin damuwa ga makiyaya shi ne, 'ya'yan tsutsar huhun shanu kan hau hular, harbin ya kai su ciyawar kiwo.