Gargaɗi ga Masu Shirin Tsallaka Tsaunukan Alps da Ƙafa

'Yan'uwa da ke Oulx, Bardonecchia da Claviere a Italiya, masu shirin tsallakawa Briançon ta Faransa da ƙafa, don Allah ku dakata. Kada ku bi ta kan tsauni a wannan hunturu.

Dusar ƙanƙarar da kuke gani shimfiɗe a gangare hawa-hawa take. Wadda ta fara zuba takan zama garas-garas kamar sukari, ba ta riƙe komai. Sai sabuwa ta sauka a kanta, iska ta daddanne ta har ta yi tauri kamar daɓe. Ido zai ce ƙasa ce mai ƙarfi. Mutum ɗaya ya taka, ɓawon ya tsage, gangaren duka ya zaftare da shi. Yawancin waɗanda zaftarewar ke binnewa, takunsu ne ko na abokan tafiyarsu ya tayar da ita.

Ku saurari dusar. In kun ji "dum" a ƙarƙashin ƙafa, ko kun ga tsaga ta yi gaba daga inda kuka taka, ku juya nan take. Haka in an kwana ana zuba da iska. Gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 shi ne ya fi kisa, kuma a duhu ba wanda zai iya auna shi.

Ana sanar da haɗarin kullum daga mataki 1 zuwa 5. Kada mataki 3 ya ruɗe ku: a Siwizalan, kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a wannan matakin suke mutuwa. A Janairun 2016, a Valfréjus, nan kusa da Bardonecchia, zaftarewa ta hallaka sojojin Faransa biyar nan take, suna tsakiyar atisaye da kayan aikinsu. To ina ga mai takalmin kanbas?

Hanyar Col de l'Échelle rufe take duk hunturu, kuma ba a banza aka rufe ta ba.

In dusar ta binne wani, mintuna 15 na farko su ne rayuwarsa. Ku lura da inda ya ɓace, ku kira lambar gaggawa ta 112, ku fara tono daga ƙasan wurin, ku fara buɗe masa baki da hanci. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ku kiran.

Wanda ya karanta wannan ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba, tun kafin dare.