HUTU A DAJIN YANKARI: TAFI DA GUZURINKA, AMMA KA KULA DA BIRAI

Akwai yara da yawa a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, 'ya'yan mutanen Arewa, waɗanda aka haifa a nan Kurmi, ba su taɓa ganin giwa ba sai a talabijin. In an kai su gida da Salla, 'yan kwanakin nan a gaishe-gaishe suke ƙarewa, daga gidan kaka sai gidan gwaggo, sa'an nan a sake ɗaure kaya a komo Ikko. Alhali kuwa ga Gandun Dajin Yankari nan cikin Jihar Bauci, wanda baƙi ke tasowa tun daga ƙasashen Turai domin su gani.

Abu biyu ke hana mutanenmu zuwa. Waɗansu sun ɗauka yawon ganin namun daji al'adar Turawa ce. Waɗansu kuma tsoron kashe kuɗi suke yi, kuma suna da gaskiya, domin mai iyali bakwai da zai riƙa sayen abinci sau uku a yini, kafin kwana biyu ya ji a jikinsa. To, maganin wannan shi ne a tafi da abinci. A Afirka ta Kudu, kewayen babban gandun dajin Kuruga, har gidaje ake bayarwa haya da ɗakin girki da tukwane, baƙo ya dafa abinsa, namun daji suna kiwo a bakin ƙofa. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Sunansa guzuri, da shi fatake suka yi ta ratsa daji zuwa Gwanja.

WURIN DA HANYARSA

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauci da abinta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri.

Daga garin Bauci hanyar Gombe za a bi har Dindima, a nan a ratse kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Kada mai karatu ya zaci da ya isa ƙofa ya iso. Da sauran tafiya ta fiye da kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, da gidan cin abinci, da ɗakin ajiye kayan tarihi. Duka-duka daga Bauci wajen kilomita 110 ne. Saboda haka a cika mota da mai tun daga Bauci, a yi cefane a can, a riƙe tsabar kuɗi a aljihu, a kuma yi sammako. Tafiyar dare ba ta mai iyali ba ce.

Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, tun daga ƙarshen Disamba har Afrilu. Dalili kuwa, ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, tafkuna sun ƙafe, dole namun daji su gangaro kogin Gaji su sha ruwa. Da damina kowa ya sami ruwa a inda yake, sai ka yini kana yawo ba ka ga kome ba sai duhuwa. Daga 2025 zuwa 2027 Ƙaramar Salla cikin watan Maris take faɗowa, watau ta zo daidai ga mai zuwa gida hutu, sai dai a yi shirin zafi.

ABIN DA ZA A ƊAUKA

Abincin da ba ya bukatar wuta shi ne gaba: kilishi, da dambun nama, da soyayyen nama, da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da dabino, da gurasa ko burodi, da madarar gari, da ganyen shayi. Uwargida ta soya miya ta ƙone ruwanta sarai, wannan takan kwana biyu ba ta yi kome ba. Ɗanyen nama da kifi a bar su a gida, zafin Maris ba ya ragawa. Ruwan sha kuwa a ɗauka fiye da yadda ake zato za a sha.

Wanda ke so ya tafi da risho ko ƙaramar tukunyar gas domin shinkafa da ruwan shayi, ya fara neman izinin ma'aikata, su nuna masa inda zai ɗora. Kada kowa ya kuskura ya hura wutar itace yadda ya ga dama. Da rani tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji.

Yanzu sai batun maƙwabta. Masaukin Wikki cike yake da gwaggon biri, kuma sun daɗe da sanin cewa duk inda mutum yake akwai abinci. Sun san leda, sun san kwando, sun san kular abinci. In aka bar taga a buɗe za su shiga, in aka bar ƙofar mota ba a kulle ba za su gwada ta. Sun kuma san wanda za su raina, domin yaro mai riƙe da burodi ko mace mai ɗauke da kwano su ne abin harinsu, ba ƙaton namiji mai sanda ba. Don haka a ci abinci cikin ɗaki, ƙofa a rufe. In biri ya fizge abu a sakar masa, kada a yi kokawa da shi, haƙoransa ba na wasa ba ne. Kada kuma a ba su da hannu don a ɗauki hoto. Masu yin haka su ne suka lalata su tun farko, na baya kuma su ke shan wahalar. Mugun dawa ma yana yawo tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa bisa gwiwa yana kiwo. Shi ba ruwansa da kowa muddin ba a matsa masa ba.

A haɗa da tocila, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi. Tufafi kuma a sa masu dogon hannu, masu launin ƙasa, gama ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, cizonsa kuwa da zafi.

RUWAN WIKKI DA SHIGA DAJI

Ƙasa da masaukin kaɗan, in an sauka matakala, nan maɓuɓɓugar Wikki take, tana fitowa daga ƙarƙashin dutse. Ruwan garau yake har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuma digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. An ƙiyasta lita miliyan 21 ke kwarara daga cikinta kowace rana zuwa kogin Gaji. Wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, saboda haka a tsare yara a inda bai da zurfi. Maza da mata ne ke wanka a wuri ɗaya, musamman ran Asabar da Lahadi. Mai iyalin da ba ya son haka ya sauka da su da sassafe, kafin jama'a su taru.

Shiga daji sai da ɗan rakiya na gandun, da safe ko da la'asar. Akan ga gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da ɓauna, a bakin ruwa kuma akwai kada da dorina. Tsuntsaye sun fi iri 350. Amma kada uba ya yi wa yara alkawarin zaki. Zakunan da suka rage kaɗan ne ƙwarai, da wuya a gan su. Raƙumin dawa kuwa ya ƙare a Yankari tun tuni. Masu son tarihi su roƙi a kai su kogunan Marshal, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa cikin dutse, da kuma rijiyoyin Dukke.

Giwa ita ce sarauniyar wurin, ita ce kuma abin damuwa. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami fiye da 300. Daga baya masana suka ƙiyasta saura 100 zuwa 150, saboda ɓarnar masu farautar haure. Duk da haka garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta yi shekaru tana aiki tare da Gwamnatin Bauci wajen horar da masu gadin daji da biyansu kuɗin sintiri, kisan giwaye kuma ya ragu sosai bayan 2015. Sai dai matsala ba ta ƙare ba. Makiyaya suna kutsawa da shanu neman ciyawa, giwaye kuma sukan fita su tattake gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manomin da aka cinye wa dawa a dare ɗaya kuwa ba ya ganin kyan giwa.

Kwana biyu sun isa. A shiga daji da la'asar ran da aka iso, a sake shiga washegari da sassafe, domin wanda bai dace da giwa a fita ta farko ba yakan dace a ta biyu. Lokacin Salla da Kirsimeti baƙi sukan yi yawa, don haka a sa wani ɗan'uwa da ke Bauci ya kama ɗaki tun kafin a baro Ikko, ya kuma tambayo kuɗin shiga da na mota da na ɗan rakiya.