Yadda matasa ke koyon zanen manga

Manga shi ne sunan da mutanen Japan ke kiran littattafansu na labarai cikin zane, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Mai koyo da zanen kai yake farawa: da'ira, sai layi biyu da suka gitta juna, don ido da hanci su san mazauninsu. Da tsawon kan nan ake auna sauran jiki. Babban mutum kai bakwai ne ko takwas, 'yan dugui-duguin da ake kira chibi kuwa biyu ko uku.

Ido ne ke cin lokaci. Manyan idanun nan sun yaɗu ne ta hannun Osamu Tezuka, wanda ya fara labarin Astro Boy a 1952, kuma a cikinsu ake zuba fushi da tsoro da kunya. Ɗan farin ɗigon da ake bari a ƙwayar ido, da an gusa da shi kaɗan, sai fuskar ta sauya gaba ɗaya. Yatsu kuwa su ke ba ɗan koyo wuya, shi ya sa da yawa ke cusa hannun a aljihu.

Abin da ya fi burge ni, a Japan ba a mai da zanen manga wasan yara ba. Tun 1992 ɗaliban sakandare ke fafatawa a gasar Manga Koshien a Kochi. A shekarar ce Eiichiro Oda, yana ɗan shekara 17, ya samu yabo a gasar Tezuka, kuma a 1997 ya fara labarin One Piece a mujallar Shonen Jump.