Kalmomin Tattali da Tanadi a Hausa da Yadda Ma'anoninsu Suka Faɗaɗa

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta daɗe tana noma a ƙasar da ruwan sama ke sauka na 'yan watanni kawai, ba za ta rasa kalmomin da suka shafi ajiya da lallaɓa abin hannu ba. Wannan maƙala za ta dubi wasu daga cikin irin waɗannan kalmomi a Hausa, da yadda aka miƙa ma'anoninsu domin ɗaukar harkokin kuɗi na zamani. Abin da ake son nunawa shi ne, Hausa ta rarrabe ayyukan da sau da yawa masu fassara kan haɗe su a kalma ɗaya.

2.0 Tattali, Tsimi da Tanadi

Tattali shi ne kula da abin da ke hannu don kada ya lalace ko ya salwanta. Shi ya sa ake tattalin dukiya, ake tattalin lafiya, har ma mace takan yi tattalin mijinta. Tsimi kuwa ya shafi yadda ake kashewa, wato a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan don abu ya kai lokacin da ake so. Matar da ke auna hatsi da lissafi don rumbu ya kai kaka, tsimi take yi. Tanadi shi ne ya fuskanci gaba: a nemi abu a ajiye tun buƙatarsa ba ta zo ba, kamar yadda magidanci kan yi tanadin ragon layya watanni kafin Babbar Salla. Karin maganar da ke cewa "Don tuwon gobe ake wanke tukunya" tanadi take nufi, ita kuwa "Daidai ruwa daidai tsaki" ta fi kusa da tsimi.

Waɗannan halaye uku abin yabo ne, kuma suna tsakanin iyakoki biyu abin zargi. A gefe ɗaya akwai rowa da maƙo da ƙwauro, wato hana abin da ya kamata a bayar. A ɗaya gefen akwai almubazzaranci da israfi, waɗanda duka an aro su daga Larabci. Bambancin mai tsimi da marowaci a wurin Bahaushe bai tsaya ga yawan abin da aka kashe ba, ya danganta ne ga ko an sauke haƙƙin iyali da baƙo da maƙwabci.

3.0 Asusu da Adashi

Asusu a ma'anarsa ta gargajiya ɗan tulu ne na yumɓu, ko akwatin katako ko gwangwani, mai ƙaramar kafa da ake jefa kuɗi. Ba a buɗe shi, sai dai a fasa, galibi idan Salla ko biki ya ƙarato. Kalmar ta yi kama da esusu ta Yarbanci da isusu ta Ibo, kuma ana danganta asalinta da su. Abin lura shi ne, a wurin Yarabawa esusu ƙungiya ce ta masu zuba kuɗi suna karɓa bi da bi, kamar yadda William Bascom ya bayyana a nazarinsa na 1952, amma a Hausa asusu ajiyar mutum ɗaya ce. Sunan da Hausawa suka ba wa waccan ƙungiya shi ne adashi.

Adashi yana da nasa keɓaɓɓun kalmomi. Wadda ke tara kuɗin ita ce uwar adashi, abin da kowa ke bayarwa shi ne zubi, karɓar jimlar kuma ita ce kwasa ko ɗauka. Kason mutum ɗaya shi ake kira hannu, don haka mai hali yakan shiga da hannu biyu ya kwasa sau biyu. Idan mutum 10 suna zuba Naira 10,000 kowane wata, kowa zai kwashi Naira 100,000 sau ɗaya cikin wata 10. Wanda ya kwasa da farko tamkar bashi ya ci ba tare da ruwa ba, na ƙarshe kuwa ajiya ya yi. Rashin kuɗin ruwa na daga cikin dalilan da suka sa adashi ya karɓu a tsakanin Musulmi, musamman matan aure da ke sana'a a cikin gida.

4.0 Faɗaɗar Ma'ana

Da aka buƙaci kalmomin aikin jarida da na gwamnati, waɗannan kalmomi aka waiwaya. Daga tattali aka sami tattalin arziki, haka kuma akan kira fannin ilimin da ke nazarinsa tsimi da tanadi. Asusu ya tashi daga tulun yumɓu ya koma asusun banki, da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, da asusun bai ɗaya wanda Gwamnatin Tarayya ta tilasta wa ma'aikatunta amfani da shi a 2015. Bayan dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta sa ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki su riƙa zubi tare, sai aka riƙa kiran tsarin adashin gata.

Wannan suna na ƙarshe yana da armashi, amma yana buƙatar taka-tsantsan. A adashi na ainihi kowa ya san ranar kwasarsa da adadin da zai karɓa, kuma ya san fuskar uwar adashi. A tsarin fansho kuwa ana juya kuɗin ne a hannun kamfanoni, kuma abin da ma'aikaci zai samu ya dogara ga ribar da aka yi. Mai karatun da ya ɗauki kalmar a ma'anarta ta asali zai iya sa ran abin da tsarin bai yi alkawarinsa ba.

5.0 Tasirin Hauhawar Farashi

Hikimar asusu da adashi ta ginu ne a kan zaton cewa kuɗin yau daidai yake da na gobe. Wannan zato ya raunana tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986. A 1995 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 70 cikin 100, a ƙarshen 2024 kuma ta kai kusan kashi 35 cikin 100. A irin wannan yanayi na biyu, wanda ya kwashi Naira 100,000 a ƙarshen adashin wata 10, abin da kuɗin za su saya masa ya gaza na mai kwasar farko da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wato mai haƙuri ne ke biyan ribar da mai gaggawa ya ci, ko da yake ba a ambaci ruwa ba. Haka kuma canjin takardun Naira da aka sanar a Oktoba 2022 ya tilasta wa masu ajiya a gida fito da kuɗinsu kafin cikar wa'adi. Wannan ne ya sa mutane da dama suka fi amincewa da ajiyar hatsi ko tumaki ko fili.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tattali da tsimi da tanadi ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma halin da ake ciki ya ƙara fito da bambancin. Mutum zai iya yin tsimi matuƙa, ya tara kuɗi a asusu, amma ya kasa yin tanadi, domin darajar abin da ya tara ta zube kafin ranar buƙata. Saboda haka ya kamata masu tsara ƙamus da masu fassara saƙonnin bankuna su ba kowace kalma muhallinta, su kuma bayyana inda sabuwar ma'ana ta saɓa wa tsohuwa, domin da waɗannan kalmomi ne talaka ke yanke shawarar inda zai ajiye guminsa.