Gem Na Tsaitsayawa A Waya: Kafin Ki Sayar Da Akuyarki, Duba Abubuwa Uku

 A wannan watan za mu taɓo wata magana da wataƙila ki ce ba ruwanki da ita, wato wasannin da yaranmu ke bugawa a waya, waɗanda suke kira gem. Ki yi haƙuri ki biyo ni, domin maganar ta shafi lalitarki.

A garuruwanmu na arewacin Kano irin su Ɗambatta, Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir, gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce ke yi wa kowa aiki. Da ita kike gaisawa da dangi, da ita ake turo miki kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ita kuma saurayin ɗanki ke buga gem idan ya dawo daga gona ko makaranta. Wata rana sai ya zo miki yana ƙorafi: "Umma, wayar nan ta mutu, sai tsaitsayawa take yi, a sake wata." Daga nan sai a fara hangen kuɗin adashi ko akuyar da ke turke. Alhali sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, abin da ke damunta kina iya gano shi kina zaune a tsakar gidanki.

Mene ne tsaitsayawar?

Abin da ido ke gani yana motsi a fuskar waya hotuna ne tsayayyu da ake jerowa da sauri, ɗaya na bin ɗaya. Fim na silima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. Gem yakan nemi 30, wani ma 60. Bambancin shi ne hotunan fim an riga an ɗauke su, wayar nunawa kawai take yi, amma na gem ita ce ke zana kowane ɗaya nan take: mutum, bishiya, inuwa, hayaƙi, duka. Idan 60 aka nema, tana da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa ta gama hoto ɗaya. Duk sanda ta makara, sai hoton baya ya ɗan tsaya kafin na gaba ya iso. Wannan ita ce in'inar da yaron ke gani.

Shi ya sa wayar da ke nuna miki fim lami lafiya take iya gazawa a gem. Wasanni irin su Free Fire da ya fito a 2017, PUBG Mobile na 2018, Call of Duty Mobile na 2019 da wasan ƙwallo na eFootball suna cikin masu gajiyar da waya ƙwarai. Abubuwa uku ne suka fi jawo makarar: zafi, cunkoso a cikin wayar, da raunin sabis.

Gwajin farko

Ki sa yaron ya kashe data, ya buɗe wani gem mai ɗan nauyi da ba ya buƙatar intanet, ya buga na minti goma sha biyar kina kallo. Idan ya tafi sumul, kin ga ke nan wayar ba ta da laifi sosai, sai a koma kan sabis. Idan ya fara da kyau, sai bayan wasu mintuna ya soma sarƙewa, taɓa bayan wayar ki ji, zafi ne. Idan kuwa tun daga buɗewa yake jan ƙafa, to cunkoso ne, ko kuma an ɗora wa wayar abin da ya fi ƙarfinta.

Na ɗaya: zafi

An ƙera waya yadda idan ta ji zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudun aikinta don kada kayan cikinta su lalace. Kamar jakin da aka yi wa lodi da tsakar rana ne, ba taurin kai yake yi ba, numfashi yake nema. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a wurin da ma'aunin zafi bai wuce 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan kai 40 har ya haura, balle a ɗaki mai rufin kwano da azahar.

Ki lura da wannan da kyau, uwargida. Watannin da waya ta fi tsaitsayawa su ne daidai watannin da maigida ke haɗa kuɗin taki da iri don damina. Kada zafin bazara ya sa a kashe kuɗin noma a kan wayar da za ta dawo daidai da zarar ruwa ya sauka.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A cire rigar wayar lokacin wasa. A zauna a inuwa mai iska, zauren ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi. Kada a buga gem waya tana caji, domin caji zafi ne, wasa ma zafi ne, an haɗa mata wuta biyu ke nan. Wannan ya fi faruwa a wurinmu saboda ƙarancin wutar lantarki, da an kawo wuta ko an jona ta a sola, yaro ba ya haƙurin ta cika. Bayan kowane rabin awa a ajiye ta ta huce. Kada a sa ta a firji ko a jingina ta da randa mai raɓa, danshi zai shige ta ya yi ɓarnar da ta fi ta zafi.

Idan kin ga bayan wayar ya ɗago ko fuskarta ta fara ɓamɓarewa, batir ne ya kumbura. A nan babu sauran wasa. A daina caji, kada a matsa shi ko a soke shi, kada a kwana da ita a kan katifa, a kai wa mai gyara ya sauya, domin irin wannan batir yana iya kamawa da wuta.

Na biyu: cunkoso

Waya tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai babbar ma'ajiya, kamar rumbu, inda hotuna da bidiyo ke zama, ita ce za ki ga an rubuta giga 32, 64 ko 128. Akwai kuma RAM, wadda take kamar faifan da kike aiki a kai, giga 2, 3, 4 ko sama. Komai girman rumbu, idan faifan ƙarami ne sai kin riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Idan kuma rumbun ya cika maƙil, ɗibar ma wuya take yi.

Don haka kafin a fara wasa a rufe duk manhajojin da aka bari a buɗe, irin su Facebook da TikTok. A kashe wayar a sake kunna ta. A shiga WhatsApp a goge bidiyoyin biki da na zaurukan da suka taru, a kuma hana shi sauke bidiyo da kansa. A bar wa ma'ajiyar sarari ko da na giga uku ne ko huɗu. A duba ko an kunna tsarin tattalin batir, domin shi ma rage wa waya gudu yake yi da gangan.

Sannan sai setin gem ɗin kansa. Yara suna son ɗaga kyawun hoto zuwa ƙololuwa, wayar kuwa ba za ta iya ba. A PUBG Mobile da Free Fire akwai matakin da aka rubuta "Smooth", mai sauƙi ne. A zaɓe shi, a kashe inuwa. Hoto 30 da ke zuwa daidai wa daida ya fi daɗin wasa a kan 60 da ke hawa yana faɗuwa.

Na uku: sabis

Wasannin da ake bugawa da wasu mutane sai sun aika saƙo zuwa babbar kwamfutar kamfanin, wadda galibi tana wata ƙasa, amsa ta dawo. Ana nuna tsawon wannan jira da wata 'yar lamba a gefen fuska, wadda yara ke kira fing. Idan tana ƙasa da 100, galibi wasa yana tafiya. Idan ta haura 200 ta yi ja, sai ki ga mutum ya ɓace a nan ya ɓulla a can, ko an harbe shi bai ga mai harbin ba. Wannan ba ciwon waya ba ne, ko sabuwa dal aka sayo haka za ta yi.

Ƙauyukanmu a haɗe suke, gona na bin gona, jama'a da yawa, amma ƙarfen sabis ɗaya ke ɗaukar ƙauyuka da dama. Bayan sallar isha da ranar kasuwa kowa na kan layi, dole ya yi nauyi. A gwada da safe, a gwada a waje maimakon cikin ɗakin kwano, a gwada wani layin idan akwai. A tabbatar ba a raba data da wata wayar a lokacin. Sayen data mai yawa ba ya rage wannan jira, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, asarar ba ƙarama ba ce.

Abubuwan da za ki hana

Kada ki yarda a sauke manhajojin da ke alƙawarin ƙara wa gem gudu ko ba da lu'ulu'un wasa kyauta, musamman waɗanda ake turawa ta WhatsApp ko Telegram. Yawancinsu talla ce kawai da ke ƙara wa waya nauyi, wasu kuma na ɓarayi ne masu satar lambobin sirri. Ki tuna a wannan wayar asusunki na OPay ko Moniepoint yake. Haka nan kada a yi gaggawar kai ta a yi mata filashin. Yana goge lambobi, hotuna da karatuttukan da kika adana, kuma ba ya maganin zafi ko raunin sabis.

Idan duk an yi bai yi ba

To, wayar ce gem ɗin ya fi ƙarfinta. Mai RAM giga 2 ba za ta ɗauki manyan wasannin yanzu yadda yaro ke so ba. Wannan dalili ne na ya koma wasa mai sauƙi, tunda wayar tana biya miki buƙatunki. Idan kuma dama akwai niyyar saye, a Farm Centre ne a Kano ko a kasuwar garinku, a lura da wani abu. Wasu wayoyin, har da na Tecno da Infinix, za ki ga an rubuta giga 8 a kwali, a ƙasa kuma 4+4. Huɗu ne na asali, sauran huɗun aro ne daga rumbu, kuma ba su kai na asalin sauri ba. A tambayi na asalin kafin a biya.

Ki zauna da yaron ku yi gwajin nan tare. Zai ga kin san abin da kike faɗa, sharaɗin hutun rabin awa kuma zai fi karɓuwa a wurinsa idan ya gane don lafiyar wayar ne, ke kuma kin samu hanyar tashinsa zuwa salla, karatu da aike ba tare da hayaniya ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.